Gwanjon aikin hannu domin masu taɓin hankali

Yau za mu yi magana bisa wani ciwo wanda ba a son faɗin sunansa cikin jama'a. Idan yaro ya kamu da masassara, uwa takan goya shi da rana tsaka ta nufi gidan likita, kowa yana gani, kowa yana yi mata sannu. Idan magidanci ya karye a ƙafa, dangi sukan taru, wani ya kawo kaza, wata ta kawo fura. Amma idan hankalin mutum ya taɓu, sai gida ya yi tsit. A kai shi ɗakin baya ko bayan rumbu, a sa masa mari, ko a sa shi a turu. Maƙwabta sun sani, amma ba mai tambaya.

Mun ga wannan da idanunmu. Aikinmu shi ne zagayen makarantun yaƙi da jahilci, daga wannan gari zuwa wancan, tun daga lokacin sanyi har faɗuwar ruwan farko. A wani gari na karkara, wanda ba za mu faɗi sunansa ba domin rufin asirin gidan, mun buɗe littafin kiran suna, sai muka ga an ja layi bisa sunan wani saurayi. Mun san shi sarai. Shekarar da ta gabaci wannan, shi ne gwanin lissafi a ajin, shi ke tashi gaban allo yana nuna wa ƴan uwansa. Muka tambayi malamin ajin. Ya rage murya, ya ce mu bari sai an tashi.

Da la'asar ya kai mu gidan. Muka tarad da saurayin zaune bayan rumbu, da sarƙa a ƙafarsa ta hagu, an ɗaure ta ga wani gungumen icce. Wurin da sarƙar ta kama ya yi gyambo. Ya gane mu, har ya gaishe mu. Uban ya ba mu labari. Ɗan ya dawo daga bida, sai barci ya ƙaurace masa. Ya riƙa magana shi kaɗai, yana cewa yana jin muryoyi suna kiransa. Wata rana ya ɗauki taɓarya ya bi ƙanensa da gudu. Ranar ce aka ɗaure shi, kuma wata 7 ke nan ba a kwance shi ba.

Kada ku yi saurin zagin wannan dattijo. Ba mugu ba ne. Ya saida awakinsa da damman hatsi, ya kai ɗansa wurin malamai, ya kai shi wurin masu maganin gargajiya. Abin da ya rage masa bai isa kuɗin mota zuwa babban gari ba, balle abincin masu rakiya, balle magani. Ga kuma kunya. Yana da ɗiya mata da ba su yi aure ba, yana tsoron a ce akwai hauka a gidansa. Rashin kuɗi da kunya, su biyu ne suka ƙera sarƙar nan.

Ciwo ne, kuma yana da magani

Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wani nau'i na ciwon hankali, babba ko ƙarami. Mutum kusan miliyan 970 ke nan. Yawancinsu ba su yawo kan titi da tsumma. Suna noma, suna daka, suna zuwa kasuwa, amma damuwa, ko tsoro, ko baƙin ciki mai nauyi, ya hana su barci da cin abinci. Ciwon da ke sa mutum jin muryoyin da babu su, da zargin cewa ana bin sa da sharri, likitoci suna kiransa sikizofireni. Yana kama kamar mutum 1 cikin 300. Ashe a garin da ke da mutum 3000 ana iya samun kamar 10 masu shi.

Dalilan suna da yawa. Wani yakan gaji sauƙin kamuwa daga dangi. Wani, babban rashi ne ko firgita ta tayar masa. Wata mace, bayan haihuwa ne hankalinta ke gushewa, cikin kwanakin jego. Akwai kuma abin da mu manoma ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kansa. Samari da yawa suna shan tramol domin su yini suna noma ba gajiya. Tramol idan ya yi yawa yana kayar da mutum kamar mai farfaɗiya, kuma jiki yakan saba da shi har ya kasa bari. Tabar wiwi ita ma tana iya tayar da ciwon da ke kwance.

Ku kula da wannan ƙwarai. Idan mutum ya ruɗe farat ɗaya, kuma jikinsa da zafi, ko wuyansa ya sandare, wannan ba hauka ba ne. Yana iya zama zazzaɓin cizon sauro ne ya hau ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau. A kai shi gidan likita a ranar, kada a kwana.

Farfaɗiya ita ma ba hauka ba ce, ko da yake ma'aikatan da ke duba masu taɓin hankali sukan duba masu ita. Ba a ɗaukar ta ta miyau, ba a ɗaukar ta ta taɓa mai ita. In ya faɗi, a janye shi daga wuta ko bakin rijiya, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa komi a baki. Mutum kamar miliyan 50 ke da ita a duniya. OMS ta ce kusan 7 cikin 10 suna iya daina faɗuwa in sun samu magani kuma suna shan sa kullum. Ɗaya daga cikin magungunanta, fenobarbital, yana cikin masu rahusa.

Maganin taɓin hankali ba sabon abu ba ne. A shekarar 1952 likitoci a birnin Paris na Faransa suka fara ba masu ciwon wani magani mai suna kulorpuromazin, suka ga waɗanda ake ɗaurewa sun natsu. Daga baya aka samu wasu, kamar haloperidol. Akwai ma allura wadda ake yi sau ɗaya a wata. Wani lokaci maganin yakan sa jiki ya sandare, hannu ya riƙa rawa, miyau ya riƙa zuba. In haka ta faru, a koma wurin likita ya gyara awon, kada a jefar da maganin. Babban abin da za a riƙe shi ne, wannan ba maganin kwana 3 ba ne kamar na zazzaɓi. Ana shan sa watanni, wani ma shekaru, ko da mai ciwon ya ji garau.

Ina za a je? A fara da gidan likita na kusa, wato CSI, a ga majo. Tun 2008 OMS ta fito da wani tsari na koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita yadda za su gane waɗannan cututtuka, domin ƙwararrun likitocin hankali kaɗan ne a ƙasashe irin namu. Abin da ya fi ƙarfin majo, zai rubuta takarda ya tura gaba. A babban asibitin Yamai akwai sashen masu taɓin hankali, wanda aka sani da suna Pavillon E. Babban asibitin Damagaram shi ma yana da nasa sashen, kuma a asibitocin Maraɗi da Tawa ana samun ma'aikatan da suka koyi wannan aiki. Ba mu ce a bar addu'a ba. Addu'a da magani ba su faɗa da juna. Sarƙa da bulala da hana abinci, su ne ba su warkar da kowa. Kuma ba mu kaɗai ke da wannan hali ba: a 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta samu shaidar ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60.

Abin da masu zane suka yi a Ingila

To, maganin yana nan, amma ina kuɗin? Bari mu ba ku labarin wata dabara daga nesa, sannan mu dawo gida.

A birnin Landan na ƙasar Ingila akwai wasu mutum biyu, Tim A Shaw, mai zane, da Niamh White, mai shirya baje kolin ayyukan zane. An kwantar da wani makusancinsu a asibitin masu taɓin hankali. Da suka je dubiya, wurin bai yi musu daɗi ba: ba launi, ba wani abu da ido zai huta a kansa. Suka ce mai ciwon hankali ya fi kowa bukatar wuri mai kwantar da rai. A shekarar 2016 suka kafa wata ƙungiyar agaji mai suna Hospital Rooms, ma'ana ɗakunan asibiti. Aikinsu na farko sun yi shi a asibitin Springfield, a kudancin Landan, cikin sashen masu sikizofireni. Masu zane sukan zo su zauna da majinyata da ma'aikata, su yi zane tare, su ji abin da suke so, sannan a ƙawata bangayen ɗakunan.

Wannan aiki yana cin kuɗi. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suke samun kuɗin ita ce gwanjo. Masu zane, manya da ƙanana, kowa yakan ba da aikinsa guda kyauta. A tara su, a nuna wa jama'a, sannan a sa rana a saida. A 2022 ƙungiyar ta ƙulla alkawarin shekara 3 da wani babban gidan cinikin zane mai suna Hauser & Wirth, da niyyar tara fam miliyan 1. A kuɗinmu ya haura sefa miliyan 700.

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce Turawa sun ƙoshi, har bango suke yi wa kwalliya, mu kuwa ƙwayar magani ce ta gagare mu. Gaskiya ne, bukatarsu daban, tamu daban. Abin da ya ja hankalinmu shi ne hanyar. Mai zane ba lalle ne yana da kuɗi a aljihu ba, amma yana da abin da hannunsa ya iya. Mai saye yana komawa gida da abu mai kyau, ga kuma lada. Sannan ranar gwanjon, ana faɗin sunan ciwon da ƙarfi gaban mutane, ba a ɓoye ba. Kun tuna mun ce abu biyu suka ƙera sarƙar saurayin nan, rashin kuɗi da kunya. Wannan dabara tana taɓa su duka biyu.

A wurinmu, in an ce gwanjo, abin da ke zuwa a rai shi ne tsofaffin tufafi masu araha. Asalin gwanjo kuwa ciniki ne na a-taya-a-ƙara. Dillali ya ɗaga kaya, wani ya taya, wani ya ƙara, har a kai wurin da ba mai ƙarawa, sai a sallama wa na ƙarshe. A gwanjon taimako, mai saye ba rangwame yake nema ba. Da gangan yake ƙara kuɗin, domin ya san inda za su tafi.

Ƙasarmu kuwa ba ta rasa gwanayen hannu ba. Ga dukawan Damagaram da na Maraɗi, masu takalma da alabe da matasan fata. Ga tukwanen Mirya. Ga tabarmin Madawa, waɗanda sunansu ya kai ko'ina. Ga maƙeran farin ƙarfe na Agadas da Tawa. Ga masu sassaƙar ƙwarya, da masu ɗinkin hula, da maginan da ke zana gaban gidaje a unguwar Birni ta Damagaram, da masu zane a jikin manyan motoci. A Yamai, wanda ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama ko ƙauyen masu sana'a na Wadata zai ga yawansu. Kuma taimakon juna ba baƙo ba ne gare mu. Mun san gayya a gona, mun san gudummawa ranar biki, mun san adashe. Sai dai ba mu saba kai gayya gidan mai taɓin hankali ba.

Yadda muka gwada, da inda muka yi kuskure

Daren da muka ga saurayin nan, ba mu yi darasin da aka shirya ba. Muka rubuta kalmar hankali a allo, muka ce a karanta. Daga nan magana ta buɗe. Kowa ya san halin da abokinsu yake ciki, kowa yana jin zafin abin, amma rani ne, ba wanda ke da kuɗi. Sai muka ba su labarin masu zanen Landan. Aka yi shiru. Can wani baduku, wanda ko baƙaƙe bai gama ganewa ba, ya ce shi ba shi da ko dala, amma yana da alabe guda da ya gama ɗinkawa, ya ba da shi. Maƙerin gari ya ce zai ba da hauya da lauje. Washegari labari ya kai ajin mata. Su ne ma suka fi kawowa: tabarmi, da faya-fayi, da ƙoren da aka yi wa zane, da tulu, da huluna.

Muka nemi iznin maigari, ya yarda. Ranar kasuwa, bayan la'asar, aka shimfiɗa kayan a inuwa. Liman ya buɗe da addu'a, ya tunatar da jama'a haƙƙin mara lafiya bisa masu lafiya. Dillalin dabbobi na garin shi ya riƙe gwanjon, da ma ga shi da baki. Da aka zo kan alaben nan, wasu fatake biyu suka kafa wa juna, wannan ya ƙara, wancan ya ƙara, mutane suna dariya, har aka saida shi ninkin kuɗinsa. Badukun yana gefe, ya kasa rufe baki.

Kuɗin da aka samu ya biya mota da abinci da maganin farko. Aka cire sarƙar. Uban da wani baffa suka raka shi asibiti. Bayan ƴan makonni ya dawo yana barci, yana cin abinci, muryoyin sun ja baya. Da damina ta faɗi, ya riƙe hauya tare da ƴan uwansa. Muka yi murna, muka ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Maganin ya ƙare tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ba kowa ke da abin saidawa ba. Kuɗin gwanjo babu saura, domin an kashe su duka a tafiyar farko. Mutanen gidan suka ga yaro garau, suka ce ai ya warke. Kafin a yanke hatsi, barci ya sake gudunsa. Da muka dawo zagaye, sarƙar ta koma ƙafarsa. Wannan ganin ya fi na farko yi mana ciwo, domin wannan karo da hannunmu a ciki.

Muka zauna muka ƙidaya kurakuranmu. Mun yi shirin kai shi asibiti, ba mu yi shirin watannin da ke biye ba. Mun bar dillali ya kira sunansa a tsakiyar kasuwa, yana cewa a taimaki ɗan wane. Uban bai ce komi ba a ranar, amma daga baya muka ji cewa ya yi kwanaki bai fita masallaci ba don kunya. Abin da ya fi ba mu haushi kuwa, mu da ke koya wa mutane rubutu, ba mu rubuta ko layi ɗaya ba. Ba a san nawa aka samu daidai ba, ba a san nawa aka kashe a kan mi ba. Ba mu zaton wani ya ci ko tamma, amma ƙananan maganganu sun tashi, kuma ba mu da takardar da za mu nuna. Matar da ta yi kwanaki tana saƙa tabarma tana da haƙƙin ta san inda kuɗin tabarmarta ya shiga.

Bayan kaka aka sake yin gwanjo. Wannan karo ba a yi shi da sunan kowa ba. An ce asusu ne na gari, domin duk mai taɓin hankali ko mai farfaɗiya da ya rasa abin sayen magani. Aka zaɓi mutum 5 su riƙe shi, da maza da mata, kuma wanda ke riƙe kuɗi daban, wanda ke riƙe littafi daban. Duk abin da aka kawo, a rubuta sunan mai shi. Duk abin da aka saida, a rubuta kuɗinsa nan take, a karanta wa jama'a jimla kafin a watse. Sunayen masu ciwo kuwa, mutum biyu kawai suka san su, su da majo. Ba a ba iyali kuɗi a hannu. Sai a kawo takardar likita, a je a sayi maganin a inda aka halatta, a kawo rasit. Ba a saye wurin masu tallar magani a kasuwa, waɗanda kayansu ke yini a rana kuma ba a san asalinsu ba.

Abin da ba mu yi tsammani ba shi ne wannan. Da aka daina kiran suna, sai mutane suka fara zuwa da dare wurin mai riƙe littafi. Wata uwa ta zo da maganar ɗiyarta mai farfaɗiya, wadda aka cire daga makaranta. Wani ya zo da maganar matarsa, wadda tun da ta haihu ba ta magana da kowa. Duk suna cikin garin tun da can, ba wanda ya ƙidaya su.

Mu yi lissafi tare

Ga misali domin ku gwada a allo. Kuɗin da ke ciki na koyon lissafi ne kawai. Ainihin kuɗin magani, ku tambayi majo na garinku.

A ce masu sana'a 20 sun ba da kaya, kowane kaya yana yin jika 2 a kasuwa. Jika 40 ke nan. A ce a wurin gwanjo an ƙara wa kowane kaya jika 1. Yanzu 20 sau 3, jika 60. Kada a kashe su gaba ɗaya. A raba su kashi 3. Kashi ɗaya, jika 20, a ajiye domin mota da rakiya. Kashi biyu, jika 40, domin magani na wata-wata. In maganin mutum ɗaya yana cin jika 2 a wata, jika 40 za su riƙe mutum ɗaya wata 20, ko mutum biyu wata 10. Daga wannan lissafi za ku san ko mutum nawa za ku iya ɗauka, da kuma watan da ya kamata ku sake yin gwanjo. Gara ku ɗauki mutum biyu ku riƙe su har wata 10, da ku ɗauki 10 ku sake su bayan wata biyu.

Kada kuma a matsa wa mai sana'a. Aikin hannunsa shi ne abincin gidansa. Fata da kaba da ƙarfe duk saye ake yi. Abu guda a shekara ya isa. Wanda bai iya ba da abu duka ba, ya ɗauki kuɗin kayan aikinsa, ya bar ribar. Manomi shi ma yana da wuri a nan: damin hatsi, ko tiya biyu ta wake, ko zakara, duk suna shiga gwanjo.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, sa'ad da kuɗi ke hannun mutane. Da ma ranar 10 ga watan Oktoba ita ce ranar lafiyar hankali ta duniya, tun shekarar 1992 ake kiyaye ta. A wurinmu tana faɗowa daidai lokacin da ake kai hatsi rumbu. Ana iya sa gwanjon a ranar kasuwar da ta fi kusa da ita, a gayyaci majo ya yi wa jama'a bayani kafin a fara.

Wanda ya warke shi ma yana da hannu

Kada a ɗauka mai taɓin hankali karɓa kawai ya iya. A maƙwabciyarmu Benin akwai wani mutum mai suna Grégoire Ahongbonon. Ba likita ba ne, a da mai facin taya ne. A garin Buwake na ƙasar Kwaddibuwa ya yi sana'arsa. Wajen shekarar 1990 ya fara kula da masu taɓin hankali da ke yawo kan titi, yana kai musu abinci da ruwa. Daga baya ya shiga ƙauyuka yana roƙon iyalai su bari a yanke sarƙoƙi. Ƙungiyarsa mai suna Saint Camille ta buɗe gidajen jinya a Kwaddibuwa da Benin da Togo. A cikin gidajen, da yawa daga masu kula da majinyata tsofaffin majinyata ne da suka samu sauƙi. Ana kuma koya musu saƙa da ɗinki da noma da kiwo, domin in sun koma gida su koma da sana'a. Tun kafin shi, a 1954, wani likitan Nijeriya mai suna Thomas Lambo ya riƙa saukar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, kusa da Abekuta, kowa tare da wani ɗan uwansa. Suna shan magani da rana, suna kwana cikin mutane. Ya nuna cewa zama cikin jama'a da yin aiki suna cikin abin da ke warkarwa.

Saboda haka, wanda ya samu sauƙi a garinku, ku ba shi aiki. Ku kira shi gayya. In ya iya tufka igiya ko saƙa faifai, ku karɓi nasa kayan ranar gwanjo, ku rubuta sunansa cikin masu bayarwa kamar kowa.

Saurayin da muka ba ku labarinsa ya koma bisa magani. Yanzu allurar wata-wata ake yi masa, kuma ƙanen nan da ya taɓa bi da taɓarya shi ke kai shi a kan babur. Tabon sarƙar yana nan a ƙafarsa. Akwai ranakun da ba ya son magana da kowa, mutanen gidan sun koyi su ƙyale shi. Da muka je zagaye na baya, mun tarad da an sake rubuta sunansa cikin littafin kiran suna, kuma mai riƙe littafin asusu yakan kai masa lissafi ya duba. Uban har yanzu ba ya zuwa kasuwa ranar gwanjo. Amma yakan aiko jikansa da igiyoyin kaba da ya tufka da hannunsa, ya ce a sa cikin kayan.